Baƙon da idona ya yi wa rawa

Ni mai ɗinkin hannu ne a cikin birnin Zariya, kuma gado na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da aska takwas ya ciyar da mu, ni ma da ita nake ciyar da nawa. Fiye da shekara talatin ina zaune a zaure ɗaya, riga shimfiɗe a cinya, allura a hannu, zare a baki. Wanda ya san sana'ar nan ya san jarinta biyu ne kacal, ido da natsuwar hannu. To, ta wajen idon abin ya ɓullo mini.

Lokacin kullen korona ne, a 2020, sa'ad da aka rufe kasuwanni da masallatai a jihar Kaduna. Ina cike wuyan wata riga sai na ji fatar idona na hagu, ta ƙasa, tana ɗan motsi kamar ƙuda ya sauka a kai. Na murza, ta daina, ta dawo. Da na gaya wa uwargida sai ta yi dariya ta ce, "Malam, baƙo za ka gani." Na ce wane baƙo, a kullen da ko maƙwabci ba ya leƙo ka? Ashe gaskiya ta faɗa. Baƙon ma ya daɗe da sauka, can bayan kunnena, ni ne ban san da shi ba.

Rawar ido irin ta gajiya kwana biyu take yi ta wuce. Tawa ba ta wuce ba. Kafin shekara ta zagayo ta hau fatar sama, idon ya koma rufewa ruf don kansa, sannan ta gangaro kunci ta kama gefen baki tana fizga. In abin ya motsa, rabin fuskata sai ya tattare kamar bakin wandon da aka ja wa mazagi. Babu zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin ne ya yaudare ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zura zare. Zan lashi bakin zaren in murza, in ɗaga allura saitin hasken ƙofa, zare ya kusa shiga kafa, sai idon ya rufe. Da ido ɗaya ba ka gane nisa, sai zaren ya zarce ta gefe. Har ta kai yaron shagona ke zura mini allurai biyar-biyar da safe, ya soke su a jikin matashi, ni da a da nake zura zare a duhun magariba. Wata rana kuma wani Alhaji ya zo karɓar rigarsa tare da iyalinsa a mota. Na fita gaishe su, ina cikin gaisuwa idon ya shiga aikinsa. Na ga Hajiya ta haɗe rai ta ja mayafi. Alhajin bai ce uffan ba, amma bai sake kawo mini ɗinki ba. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi. A ranar kuwa ko tuwon dare ban iya ci ba.

Masu ba da magani ba su ƙare ba. Wannan ya ce iska ce ta shafe ni, wancan ya ce akwai hannu a ciki, in dubi abokan sana'a. Inna ta riƙa aiko da rubutu a gora. Na yi hayaƙi, na sha habbatus sauda da zuma, an yi mini ruƙiyya. Ba na raina addu'a, ita ce ta riƙe ni har yau. Abin da nake jin haushin kaina a kai shi ne yadda na yarda na riƙa kallon mutanen da muka tashi tare da wani ido, alhali ba su yi mini komai ba. A kemis an yi mini alluran bitamin. A asibitin ido an ba ni tabarau, kuma a can ne aka gwada jinina aka samu 180 bisa 110. Aka ce in riƙa shan maganin hawan jini kullum. Ni kuwa sai kaina ya yi ciwo nake sha. Wannan laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Wajen ƙarshen 2022 wasu abubuwa suka ƙaru waɗanda ban taɓa haɗa su da ido ba. Koko ya fara sarƙe ni. Muryata ta dusashe kamar mai mura, ba murar. In ina tafiya sai in ji kamar ana jana hagu. Ranar da na sunkuya wanke ƙafa wajen alwala na kifa a kan buta, ɗiyata ta fari, wadda ke karatun aikin jinya, ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, wannan ba ciwon ido ba ne. Gobe za mu asibitin koyarwa. In ka ƙi, Inna zan kira." Ta san inda take kama ni.

Likitan ƙwaƙwalwar da muka gani bai yi saurin rubuta komai ba. Ya zauna yana kallon fuskata har abin ya motsa. Ya sa na yage baki, na runtse ido, na taɓa hancina da yatsa, na yi tafiya a kan layin siminti ƙafa gaban ƙafa, na kuwa kasa. Ya tambaya ko fuskar tana motsi in ina barci. Uwargida ta amsa kafin ni, ta ce, "Likita, shi yana barci, ita ba ta barci." Ya gyaɗa kai. Ya ce wanda fuskarsa ta shanye, ɓarin ne ba ya motsi, ni kuwa motsin ne ya yi yawa, don haka wani abu ne ke tsokanar jijiyar tun daga tushenta. Ya tura mu hoton MRI, wanda zai nuna har jijiyoyin jini. A watan Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, sai da muka yi rabin yini muna jiran tiransifa ta shiga kafin a kwantar da ni a cikin na'urar. Ƙararta sak ta masu bugun shadda, sai dai a cikin kunnenka suke bugun.

A nan sai na ɗan tsaya, don Hausa ta rikita ni a ranar. Mu komai jijiya ne. Wadda jini ke gudu a cikinta jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ita ma jijiya. Da likita ya ce jijiya ce ta danne jijiya, na ɗauka wasa yake yi. Sai da ya juya bayan katina ya zana.

Ya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, saitin ƙeya, akwai wani sashe da bai fi babban yatsa ba, wanda ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Shi ne tushen ƙwaƙwalwa. Numfashi, bugun zuciya, haɗiya, duk daga nan ake sarrafa su, kuma duk saƙon da zai sauka jiki ko ya hau sai ya bi ta nan. Jijiyoyin saƙo na kai guda 12 ne a kowane ɓari, 10 daga cikinsu daga wannan ɗan wuri suke fitowa. Ta 7 ita ke motsa fuska. Ta 8, mai kula da ji da daidaiton tsayuwa, tana kwance jikinta kamar 'yan biyu. Ƙasa kaɗan akwai ta 9 da ta 10, masu haɗiya da murya. Sannan akwai manyan jijiyoyin jini biyu da ke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya, su haɗe su zama ɗaya a gaban tushen. Tawa ta hagu ta buɗe, ta ƙara tsawo, kamar tsohuwar robar wando da ta saki. Da ba ta samu wurin miƙewa ba sai ta lanƙwashe ta kwanta a kan tushen ƙwaƙwalwar har ta yi masa gurbi, ta kuma tura wani ƙaramin reshe kan saiwar jijiya ta 7. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, kuma kowane bugu sai ta doki wurin. Da daɗewa rigar jijiyar ta goge, kamar wayar lantarkin da robarta ta zage, sai tartsatsi. Tartsatsin ne nake gani a madubi. Ya ce wasu da raunin bangon jijiyar aka haife su, amma shekaru da hawan jini da taba su ke ƙara buɗa ta, kuma ta fi samun maza. Taba ban taɓa sha ba. Hawan jinin kuwa, ni da ɗiyata muka kalli juna.

Na ce, "To likita, mene ne magani?" Ya ce, "Malam, hanyoyi ne, ba hanya ɗaya ba, kuma babu wadda ba ta da kuɗin shiga. Mu fara da wadda ba a zub da jini."

Ta farkon ita ce a kama hawan jinin da gaske, a sa ido, a maimaita hoto bayan shekara. Ya ce mutane da dama masu irin wannan jijiya haka suke zaune da ita, ba a taɓa su. Ko asfirin sai da ya yi dogon tunani kafin ya rubuta, don jini yana tafiya a hankali a cikin buɗaɗɗiyar jijiya, yana iya daskarewa ya toshe wani reshe, amma kuma bangonta ba ƙwari, in aka tsinka jinin da yawa ta fashe, abin ya fi muni. Gaba kura, baya sayaki. Saboda fuskar ya gwada ni da wani magani, Tegretol. Sati uku na yi ina gyangyaɗi a kan riga, jirin ya ƙaru, fuskar kuwa ko a jikinta. Muka ajiye.

Sai allurar Botox. Wannan kam ta yi aiki, kuma ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. Ƴan ɗigo ne ake tsirawa kewayen ido da kunci da allura siririya kamar gashi, su kashe ƙarfin naman wurin. Bayan kwana huɗu ko biyar idon ya kwanta. Na gama rigunan Sallah biyu da hannuna a wannan tsakanin, ina ɗinki ina hamdala. Gefen bakina ya ɗan saki, in na kurɓi shayi yana ɗiga, amma ban damu ba. Wata uku da 'yan kwanaki abin ya dawo, don haka allurar take, sai an riƙa maimaitawa. Sau biyu na yi, kowanne ya cinye ladan riga guda. Wanda fuskar ce kaɗai damuwarsa, kuma yana da halin biya, zai iya zama a kan wannan har ƙarshen rayuwarsa, ban ga laifinsa ba. Ni dai faci ne aka yi mini a waje, yagewar tana ciki. Allurar ba ta san da haɗiya ba. Da damina ta faɗi ruwa ya bi mini ta hanyar iska har ya zama nimoniya, na kwana shida a gadon asibiti. Daga nan aka tura ni wajen likitan tiyatar ƙwaƙwalwa.

Na je masa da tambayoyina a aljihu, don a zaure an cika ni da labarai. Na ce na ji yanzu ba a fasa kai, ta cinya ake zura siririn tiyo har ƙwaƙwalwa. Ya ce gaskiya ne, kuma hanya ce mai kyau in jijiya ta yi ƙullutu a gefe kamar balan-balan: a cusa zaren ƙarfe a cika ƙullutun, ko a shimfiɗa raga a cikin jijiyar. Amma tawa ba ƙullutu ba ce, gaba ɗayanta ce ta buɗe ta karkace, kuma daga jikinta wasu rassa sirara kamar zaren tsamiya ke shiga tushen ƙwaƙwalwa kai tsaye. In raga ta rufe bakin ɗaya, mutum yana iya tashi da shanyewar ɓarin jiki. Kuma ko an sa ragar, jijiyar tana nan kwance inda take. Na ce to a ɗaure ta a huta, tunda biyu ne. Ya nuna mini hoton. Ta dama siririya ce ƙwarai, ta hagun nan mai laifi ita ke ɗauke da kusan dukkan ruwan gidan. Na ce hasken nan fa da ake ƙona ciwo da shi ba yanka? Ya ce haske yana ƙonawa, amma ba ya ɗaga kaya.

Abin da ya rage shi ne a shiga a ɗaga ta da hannu. Ana yanka bayan kunne, a huda ƙoƙon kai faɗin da bai wuce murfin kwalbar lemo sosai ba, a zuƙe ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki don a samu sarari, a leƙa da madubi mai ƙara girma. In ƙaramar jijiya ce, sai a ɗaga ta a cusa ɗan audugar Teflon tsakaninta da jijiyar saƙo. In babba ce mai tauri irin tawa, audugar kaɗai ƙara cunkoso take yi, sai dai a zarga mata ɗamara a ja ta gefe, a ɗinke ɗamarar a jikin fatar da ta lulluɓe ƙashi daga ciki. Ya ce tun a 1934 wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya lura jijiyar jini na danne jijiyar saƙo, amma Peter Jannetta ne, shi ma Ba'amurke, ya mayar da abin aiki sananne daga ƙarshen shekarun 1960, ya yi shekaru yana yi a Pittsburgh, bayan manyan likitoci sun daɗe suna musun maganarsa. A lissafin da Jannetta da abokan aikinsa suka fitar kan masu rawar fuska, sama da 8 cikin 10 sun rabu da ita har bayan shekara goma, 2 ko 3 cikin 100 kuma sun rasa jin kunnen ɓarin. Sai ya ajiye biro ya ce, "Amma Malam, yawancin waɗannan ƙananan jijiyoyi ne. Taka babba ce, haɗarinka ya fi nasu." Ya lissafa mini sauran: fuska ta saki, ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa yoyo ta wurin ɗinki ko ta hanci, sanƙarau, haɗiyar ta ƙara lalacewa, shanyewar jiki, mutuwa. Bai sassauta ko ɗaya ba.

Ya kuma gaya mini da bakinsa cewa yana yin aikin a kan ƙananan jijiyoyi, amma irin nawa yana so a yi shi inda aka saba da shi, inda kuma akwai na'urar da ke sauraron jijiyar ji duk tsawon aikin, wadda a lokacin ba su da ita. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa likitocinmu ba su san komai ba. Tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijeriya tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara ta a Ibadan. Kuma duk abin da aka gaya mini a waje, babu harafi ɗaya da mutumin nan bai riga ya gaya mini a gida ba. Wanda ya ce maka wannan rigar ta fi ƙarfin allurata, je wurin wane, a sana'armu shi muke kira gwani.

Wata biyu ina juya maganar. Na yi istihara. Ana cikin haka dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin da muka lissafa ya zama rabin abin da ake nema. Na sayar da filin da na saya don yara. Yayana ya sayar da shanu biyu bai gaya mini ba sai da kuɗin suka shigo. Abokan sana'ar nan da aka ce in zarga, su suka yi karo-karo suka kawo mini a leda, har da sunayensu a takarda. Na karɓa kaina a ƙasa. Da na je wajen Inna neman izini, ta daɗe shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "Kan da za a fasa, ni na haife shi. Je ka, Allah ya sa a dace." A daren tafiya na ɗauko littafin shago na rubuta shaddar kowa da sunansa, da wanda ya ba da kafin alƙalami, da wanda nake bi da wanda ke bina, na miƙa wa uwargida. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin katifa ba ta buɗe ba.

A Alƙahira, inda muka je yin aikin, wani ɗalibin Azhar, ɗan Damagaram, shi ya zama bakinmu da kunnenmu. A ɗakin jiran likitan ne na gane ashe gidanmu da yawa, kuma kowa da irin tasa jijiyar. Akwai wani dattijo Bamisire da ya naɗe rabin fuskarsa da rawani, ba ya yarda ko iskar fanka ta taɓa shi. Shi jijiya ta 5 aka danne masa, mai kawo ji daga fuska, ciwon yana zuwar masa kamar an jona wuta a muƙamuƙi. An cire masa haƙora uku masu lafiya kafin a gano. Tegretol ɗin da bai yi mini komai ba, shi ya riƙe shi shekaru kafin ya daina ji. Akwai yaro ɗan shekara goma sha wani abu, wanda aka haifa da jijiyoyi a harɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Shi aka tura wajen Gamma Knife, na'urar da likitan Suwidin Lars Leksell ya fito da ita a 1968, mai tattara haske wajen 200 a kan ɗigo ɗaya. Aka ce wa ubansa sai shekara biyu zuwa uku kafin harɗin ya toshe, kuma kafin nan haɗarin fashewa yana nan.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata matashiya ce 'yar Sudan, tare da mijinta. Ita wani ɗan curin jijiyoyi ne kamar 'ya'yan magarya a cikin naman tushen ƙwaƙwalwar kansa, ya taɓa tsiyayar da jini sau ɗaya har ta riƙa ganin abu biyu-biyu. Irinsa ba a kai masa ta tiyo. Sun sayar da abin da suka sayar sun zo a cire, likita ya ce su koma gida. Curin yana can ciki, kafin a kai gare shi sai an ratsa lafiyayyen nama, ɓarnar wuƙa za ta fi ta ciwon. In ya sake zubar da jini ko ya matso baki-baki, sai a sake magana. Ta fito tana kuka, mijin yana faɗa da tafinta kamar shi ya yanke hukuncin. A lokacin na tausaya mata ƙwarai da aka hana ta aiki. Yanzu in na tuna ta, ban san wanda ya kamata ya tausaya wa wani ba tsakanina da ita.

Ranar aikin an aske mini bayan kunne faɗin tafin hannu, aka manna mini wayoyi a fuska, aka toshe kunnuwana da wasu 'yan abubuwa masu ƙas-ƙas. Ina cikin karanta Ayatul Kursiyyu barci ya ɗauke ni, ban kai ƙarshe ba. Ɗiyata ta ce awa biyar aka yi. Na farka da amai da ciwon kai irin wanda ban taɓa ji ba, ɗakin yana juyawa. Abu na farko da na yi, na kai hannu kuncina. Yana motsi. Na juya fuska bango.

Washegari likitan ya ce kada in karaya, jijiyar da aka yi shekara huɗu ana duka ba ta hucewa a kwana ɗaya, wasu sai bayan watanni. Yana magana ta hagu, na ga bakinsa na motsi, sautin kuwa ta dama yake zagayowa. Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce lokacin da suke jan jijiyar na'urar ta nuna ji ya yi ƙasa, sun tsaya, sun sassauta, bai dawo duka ba. Ya ce mu jira. Mun jira. Bai dawo ba. Cikin mutum ɗarin nan, ni ina cikin ukun.

Kafin a sallame mu ya kira ni ofis ya kunna mini bidiyon aikin, don tafinta ya gaya masa sana'ata. Na ga jijiyar, fara-fara, mai kauri, tana harbawa kamar maciji na numfashi. Na ga gurbin da ta yi a jikin tushen ƙwaƙwalwata, kamar inda igiyar guga ta ci bakin rijiya. Na ga an zagaya ta da wani farin ƙyalle siriri, an ja a hankali, sannan wata lanƙwasasshiyar allura da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba ta shiga ta fita, a ramin da yatsa biyu ba za su shiga tare ba. Ƙulli uku ya yi. Na ce wa tafinta ya gaya masa ɗinkin ba shi da ado, amma ba zai warware ba. Ya yi dariya har da buga tebur.

Kwana goma bayan aiki ɓarin fuskar ya saki gaba ɗaya, ido ya ƙi rufuwa, sai da ake ɗiga mini magani ana manne shi da filasta da dare. An riga an faɗa mini hakan na faruwa kuma yana wucewa, amma faɗa daban, gani a madubi daban. Wajen wata biyu ya ɗauka. Yana dawowa, rawar tana raguwa, daga kullum zuwa jefi-jefi, har wata ranar Juma'a uwargida ta ce, "Malam, yau kwana nawa ban ga baƙonka ba?" Muka ƙirga, tara. Haɗiya ita ta riga kowa gyaruwa, tun a sati na uku na sha koko kofi guda ba tari. Murya ta dawo. Jirin bai tafi duka ba, har yanzu ba na hawa babur in ba dole, kuma a duhu sai na dafa bango.

Jijiyar kuwa tana nan yadda take, buɗaɗɗiya. Matsar da ita aka yi, ba canza ta aka yi ba. Kullum bayan sallar asuba ina haɗiyar ƙwayoyina, ɗiyata ta saya mini na'urar gwajin jini tana duba littafin da nake rubutawa kamar mai duba jarrabawa, kuma duk shekara sai na koma cikin na'urar masu bugu.

A zaure na juya wurin zamana, yanzu kunnen dama ke fuskantar ƙofa, don kada mai sallama ya ce na yi masa girman kai. Uwargida ta gano in tana son yin mita ba tare da an tanka mata ba, sai ta zauna ta hagu. Yaron shagona har yau in ya zo da safe sai ya zura allurai biyar ya soke a matashi, hannunsa ya saba. Ban hana shi ba. In ya fita sayen zare nakan zare ɗaya, in lashi bakin, in ɗaga ta saitin hasken ƙofa in mayar da kaina.